Bayan Kawu da keken Harami: nazarin ciwon wani mai tura alhazai a Makka

Daren ashirin da biyar ga azumin da ya wuce, wajen ƙarfe biyu, Umma ta kira ni a waya ta ce ƙanenta na kwance a falo ya kasa miƙewa. Aikina gashin ƙashi ne, abin da a nan Saudiyya ake kira ilaj ɗabi'i, shi ya sa duk wanda ƙugunsa ya riƙe a dangi ni ake fara nema. Na tarar da shi a kan darduma ya karkata gefen hagu, gwiwoyi a naɗe, ɗakin ya cika da ƙamshin man zafi.

Kawu yana da shekara 52. A Makka aka haife shi, haka ma Umma. Mahaifinsu ya zo tun yana yaro tare da iyayensa ta hanyar ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan, suka tsallako Bahar Maliya. Sana'ar Kawu tura keken tsofaffi da marasa lafiya, wanda a nan muke ce wa arabiyya. Yakan ɗauko mai Umra daga masauki, ya kai shi Harami, ya yi ɗawafi da sa'ayi da shi, ya mayar da shi. Ya haura shekara ashirin yana wannan aiki. Dogo ne, tsawonsa santimita 186, nauyinsa kilo 92, ba ya da ciwon suga, ba ya shan taba.

Ga yadda ya ba ni labari. Bayan tarawihi ya gama sa'ayi da wani dattijo mai jiki. Dattijon ya zame daga kujerar keken, ɗuwawunsa ya zo bakin mazauni. Kawu ya tsaya ta bayan keke, ya sunkuyo ta saman majingina, ya zura hannaye ƙarƙashin hammatar dattijon ya ja shi sama. Nan take ya ji wani abu ya kama shi a tsatso, ɓangaren dama. Duk da haka ya mayar da mutumin masaukinsa, har ya ƙara ɗaukar wani. Shi ne na huɗu a wannan rana.

"'Yata, sanyi ne," ya ce da ni. "Marmarar nan da na'urar sanyaya ɗaki, su suka shiga ƙashina."

Ban yi masa gardama a wannan dare ba. Na fara da tambayoyin da ba a tsallake su: yana riƙe fitsari da bayan gida? Tsakanin cinyoyinsa ya yi sanyi ko ya mutu? Ƙafa na jan ƙasa? Akwai zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko faɗuwa? Da amsar ɗaya daga cikinsu ta zo da matsala, asibiti za mu wuce a lokacin. Babu ko ɗaya. Ya iya tsayuwa a kan diddige da kan yatsu, ciwon bai sauka ƙasa da ɗuwawu ba. Irin ciwon bayan nan ne da ba a iya nuna ƙashi ko jijiya guda a ce ga mai laifi, wanda shi ne kusan kashi 90 cikin ɗari na ciwon baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020. Akasarinsa yakan lafa cikin makonni shida. Abin da ya dame ni shi ne Umma ta ce wannan karo na uku ke nan cikin shekara biyu, kuma kullum a dama. Ya kuma ambaci kafaɗar dama da ke masa tsami tun bara. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai da aka yi mako uku da salla, bayansa ya saki, na samu abin da nake so. Umma na da niyyar Umra, gwiwoyinta kuma ba sa ɗaukar tafiya mai nisa. Na ce Kawu ya tura ta, ni in bi su a baya. Ibadata na yi, amma idona na kansa.

Ilimin da nake aiki da shi a irin wannan kallo ana ce masa bayomekaniks, wato nazarin ƙarfi da motsi a jikin mai rai. Tushensa bai da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa kwance notin taya. In ka kama sifana daga kusa da noti, sai ka yi gumi bai motsa ba. In ka kama ta daga ƙarshe, ko ka zura mata bututu, sai ya juya cikin sauƙi. Ƙarfin murɗa shi ne ƙarfin da ka sa, a ninka shi da nisansa daga inda abu ke juyawa. Gaɓoɓinmu su ne notin, ƙasusuwa su ne sifana. Wani Ba'italiye mai suna Giovanni Borelli, wanda aka buga aikinsa a 1680 bayan rasuwarsa, ya nuna cewa tsokoki suna manne ne dab da gaɓa, suna kama sifanar daga gajeren gefe. Don haka ƙarfin da tsoka ke ja da shi ya ninka nauyin abin da hannu ke riƙe da shi sau da yawa. Allah ya yi mu haka ne don mu samu sauri da faɗin motsi, farashinsa kuwa shi ne gaɓa na ɗaukar matsi mai yawa a ɓoye.

A wannan ma'auni na sa abin da ya faru daren ashirin da biyar. Tsokokin da ke miƙar da baya suna ja ne daga nisan kamar santimita 5 a bayan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan tsatso. Fiye da rabin nauyin mutum yana sama da ƙugu, a ce kilo 50 a jikin Kawu. Da ya sunkuya ta saman majingina, cibiyar wannan nauyi ta yi gaba da kamar santimita 25. Ashirin da biyar ya ninka biyar sau biyar, ke nan tsokokin baya sai sun ja da ƙarfin da ya kai kilo 250 kafin su riƙe gangar jikinsa kawai, bai ɗauki komai ba tukuna. To a ce kilo 20 kacal na nauyin dattijon ya sauka a hannunsa, a nisan santimita 50. Wannan ninki goma ne, ƙarin kilo 200. An kai 450, kuma duk jan da tsokar ta yi, a kan faifan yake sauka a matsayin matsi. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyakar matsin da ake so kada aiki ya wuce a wannan gaɓa a niyuton 3,400, kusan kilo 350. Lissafina na kan takarda ne, akwai abubuwan da ya bari, amma ya isa ya nuna inda matsalar take. Dattijon ba wani nauyin a zo a gani ya ɗora masa ba. Nisan da ke tsakaninsu ne ya ninka shi.

An taɓa auna wannan a cikin jikin mutum. A wani bincike da aka buga a 1999, Hans-Joachim Wilke da abokan aikinsa a Jamus sun sa ƙaramin ma'auni a cikin faifan tsatson wani mutum mai lafiya da ya ba da kansa. Yana tsaye a sake, matsin ya nuna 0.5 a ma'aunin matsi da ake kira megafaskal. Ya sunkuya gaba, 1.1. Ya ɗaga kilo 20 da baya a lanƙwashe, 2.3. Ya ɗaga shi da gwiwoyi a durƙushe, 1.7. Ya riƙe shi manne da jiki, 1.1. Mutum ɗaya ne, don haka ba na mayar da lambobin doka, amma a dubi na ƙarshen: kaya bai ragu ba, kusanto da shi kawai ya rage matsin fiye da rabi.

Sai dai ɗagawar nan sau ɗaya ta faru. Abin da na gani a Harami shi ke faruwa sau dubbai a kowane dare.

Farko, mariƙin keken. Daga baya na auna shi a gida, santimita 91 daga ƙasa. Ƙashin kwatangwalon Kawu na wajen 96, gwiwar hannunsa na wajen 115. Masu nazarin aikin turi suna son mariƙi ya kasance tsakanin kwatangwalo da gwiwar hannu, nasa kuwa ya gaza ko na ƙasan. Shi ya sa yake tafiya a ranƙwafe, ƙarfinsa na tafiya gaba da ƙasa lokaci guda, alhali wanda ya yi ƙasa ba ya ƙara wa keke ko taku ɗaya. In hanya a buɗe take, jingina da yake a kan mariƙi na ɗan rage wa bayansa aiki, wannan gaskiya ne. Amma Harami ba ya rabo da cunkoso.

Na biyu ke nan, tsayawa da tashi. Dokar motsi ta farko ta masanin kimiyya Newton ta ce abin da ke tsaye ba ya motsawa sai an sa masa ƙarfi, mai tafiya kuma ba ya tsayawa sai an tare shi. Na gwada da sikelin rataye irin na auna jakar matafiyi: na ɗaura shi a keken, Umma na zaune, na ja a kan tayil ɗin falo. Muddin keken na gangarawa a hankali, allurar ba ta wuce kilo uku. Da zarar na fizge shi daga tsaye, sai ta haura tara. Kawu mutum ne mai hanzari, da ya ga ɗan fili sai ya zabura ya cike shi, bayan taku huɗu kuma ya ja birki da hannu don kada ya bugi dugadugan na gaba. A zagaye ɗaya na ƙirga irin wannan sau goma sha bakwai, sai na bar ƙirga na koma addu'ata. Akwai kuma maganar ƙafa. Safa ce ta nailan a ƙafarsa, a kan marmara. Mai turi ƙasa yake dannawa baya, ƙasa ta mayar masa da turin gaba, dokar Newton ta uku ke nan. In tafin ƙafa na santsi, mutum ba ya yarda ya dogara da cinya da ɗuwawu, waɗanda su ne manyan tsokoki, sai ya mayar da aikin ga kafaɗa da baya.

Na ukun shi ya fi daɗe mini a rai, don shi ya amsa tambayar me ya sa kullum dama. Ɗawafi da Ka'aba a hagu ake yin sa, zagaye bakwai, duk juyi ɗaya. Masu keke kuma galibi a bene suke yi, inda da'irar ta fi faɗi, tafiyar ta ninka ta ƙasa. Keke in an bar shi miƙewa yake so ya yi. Kafin ya riƙa karkata hagu, sai hannun dama ya fi tura, na hagu ya ɗan riƙe. Tsakanin mariƙan biyu bai kai rabin mita ba, gajeriyar sifana ce, don haka bambancin ƙarfin da ake bukata ba kaɗan ba ne. Kawu kuma ƙafafunsa a miƙe suke tafiya, daga ƙugu yake murɗa jikinsa ya juya keken. A sa'ayi ma, tsakanin Safa da Marwa, inda kai-komo bakwai ke kai wajen kilomita uku, juyawar da ake yi a ƙarshen kowane sawu hagu ce. Mai Umra sau ɗaya yake wannan ya koma gida. Kawu ya yi shi sau uku ko huɗu a dare, shekara ashirin.

Da muka dawo na kifa keken. Gashi da zare sun naɗe a gatarin ƙananan tayoyin gaba, ta hagu ma da ƙyar take juyawa. Da muka share muka sa mai, sikelin ya sauko daga uku zuwa biyu. Na kuma lura yana barin fasinja ya rungume jaka da jarkar Zamzam a kan gwiwa, wanda ke mayar da nauyi kan ƙananan tayoyin nan, su kuwa su suka fi cin ƙarfi wajen gangarawa da juyi. Game da hawa, lissafinsa a fili yake: gangare mai tashin mita ɗaya a cikin goma sha biyu yana ƙara wa mai turi ɗaya bisa goma sha biyun nauyin kaya, wato kilo takwas da ɗoriya in keke da mutum sun kai ɗari. Wanda ya san titunan Ajyad, unguwar da ke dab da Harami, ya san akwai inda ya fi haka tsayi.

Da na zo yi masa bayani, lambobi ba su shige shi ba. Ruku'u ne ya shige shi. Na ce, "Kawu, yi mini ruku'u yadda malam ya koya muku." Ya yi, baya a shimfiɗe, ɗuwawu ya ja baya, tafukan hannu a kan gwiwa. Malamai na siffanta ruku'un Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cewa bayansa a daidaice yake, har da za a zuba ruwa a kai da ya tsaya. Na ce ya duba daga ina ya lanƙwasa. Ya shafa kwatangwalonsa. Na ce ya ɗage hannayen daga gwiwa. Nan da nan ya ji bayansa ya ɗauki nauyin da hannaye ke riƙe da shi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe gwiwa ce ke ɗauke mini." Daga ranar ban sake shan wahalar koya masa sunkuyo daga kwatangwalo ba. Sandar goge-goge muka riƙa ɗora masa a baya, ta taɓa ƙeya da tsakiyar baya da ƙashin gindi, ya sunkuya ya miƙe ba tare da ta rabu da ɗayansu ba.

Gyaran fasinja kuwa muka sauya shi gaba ɗaya. Ya taka birkin keke, ya zagayo ta gaba, ya sa mutum ya kafa ƙafafunsa a ƙasa ya ranƙwafo har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafa, sai nauyinsa ya bar mazauni da kansa, Kawu ya tura gwiwoyin mutumin baya a hankali. In mace ce, ya faɗa wa 'yar rakiyarta yadda za ta yi. In mutum ba ya iya taimakon kansa ko kaɗan, ya nemi hannu na biyu. Wannan na ƙarshen ya fi masa nauyi, domin yana ganin kamar gazawa ce. Umma ce ta gama maganar, ta ce, "Kai yanzu in ka kwanta wa zai ciyar da yaran?" Ya ce, "Na ji, Yaya."

Wani mai walda ya yi masa ƙarin mariƙi mai ɗaurewa da noti, wanda ya ɗaga hannunsa zuwa santimita 104. Na gargaɗe shi cewa dogon mariƙi na sauƙaƙa ɗaga gaban keke, don haka ya kula a hawa kada ya jirkita da mutum baya. Ya sauya safa zuwa mai roba a tafi. A ɗawafi ya koyi barin tazarar taku biyu, ya riƙe tafiya ɗaya a hankali maimakon zabura da birki, ya kuma riƙa juya keken da ƙafa, cibiyarsa na kallon inda keken ke kallo, gwiwoyin hannu kusa da haƙarƙari. Jaka ta koma ƙarƙashin mazauni, fasinja kuma ya zauna can ciki ya jingina.

Ban tsaya a gyaran salo ba, kuma ina da dalili. Binciken da aka tattara a kan ma'aikata masu ɗaukar kaya bai nuna cewa koyar da salon ɗagawa shi kaɗai na hana ciwon baya ba, haka ma ɗamarar ƙugu da Kawu ya saya da tsada. Abin da ya fi samun goyon baya shi ne motsa jiki. Ni a ganina lissafin ƙarfi rabin magana ne, ɗaya rabin shi ne abin da jiki ke iya ɗauka, kuma tsoka da jijiya da ƙashi suna ƙara ƙwari ne in an ɗora musu nauyi kaɗan-kaɗan tare da hutu. Baya ba tangaran ba ne da za a riƙa lallaɓa shi, mutumin da aka tsorata da sunkuyo yakan ƙare da baya mai tauri da rauni. Saboda haka tun kwana na biyu da ciwon na hana shi kwanciya, na sa shi zagaya tsakar gida. Daga baya muka shiga atisaye sau uku a mako: ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙugu, ya durƙusa a hannu da gwiwa ya miƙa hannun dama da ƙafar hagu sannan ya sauya, ya kwanta ta gefe ya tokare da gwiwar hannu, ya zauna ya tashi daga kujera da jarkar lita biyar a ƙirji. Bayan mako huɗu ta koma ta lita goma. Na kuma sa shi tafiya riƙe da jarka a hannun hagu kaɗai, sannan a dama, don gefunan biyu su san aiki. Ƙahon da yake zuwa a yi masa ban hana ba, ya ce yana jin sauƙi, na ce ya ci gaba muddin da kayan da ba a yi wa wani amfani da su ba.

Maganar sanyi ma ban watsar da ita ba. Tsoka mai sanyi ba ta saki da wuri, kuma wanda ya fito daga zafin Makka jiƙe da gumi ya shiga iska mai sanyi zai ji jikinsa ya ɗaure. Na ce ya riƙa ɗan takawa da motsa ƙugu na minti biyar kafin fasinjan farko.

Kafin watan Zulƙida ya kama, yana tashi da asuba ba tare da dafa bango ba, yana sujada ba tare da ya yamutsa fuska ba. In na ce ya kimanta ciwon daga sifili zuwa goma, daren farko takwas ya ce, yanzu ɗaya ko babu. Sikeli ya nuna ya sauke kilo uku.

A kwanakin Hajji ciwon ya dawo. Bai kai na azumi ba, kwana uku ya yi ya tafi, amma ya dawo, a dama. Na tambaye shi ko ya koma tsohon salo, ya ce a'a. Abin da ya faru shi ne ya yi kwana biyar yana ɗaukar mutum biyar-biyar, barcinsa bai wuce awa uku ba, atisaye kuma ya ajiye shi. Wannan ɓangaren ya fi ƙarfin sikelina. Abin da mai tura keke ke samu a goman ƙarshe na azumi da makonnin Hajji shi ke biyan hayar gida da kuɗin makaranta na watanni, ga kuma kekunan lantarki da aka kawo Harami suna rage masu neman a tura su. Ba zan iya ce masa ya bar mutum na biyar ba ina sane da abin da kuɗin zai yi. Abin da muka daidaita a kai shi ne uku a dare in ba lokacin cunkoso ba, huɗu a cunkoso, hutun rabin awa a kwance tsakanin kowane biyu, sannan wata biyu kafin azumi mu ƙara nauyin atisaye don jiki ya shiga lokacin aiki a shirye, kamar yadda 'yan ƙwallo ke yi kafin a buɗe kaka.

Kafaɗar dama har yanzu ba ta gama warwarewa ba. In ya ɗaga hannu ta gefe, tana kama shi daga wajen saitin kafaɗa zuwa sama kaɗan, sai ta saki. Mun fara aiki a kanta da igiyar roba, in ba ta sauya ba nan da mako shida zan tura shi a ɗauki hotonta.

Makon jiya bayan la'asar ya shigo gidan Umma da wani saurayi ɗan unguwarmu mai shekara 19 da ya fara turi bana, dogo kamarsa, yana jaye da kekensa. Ya ce, "'Yata, ɗauko awonki." Mariƙin ya nuna 90, gwiwar hannun yaron 113. Kafin in yi magana Kawu ya riga ya kifa keken yana tone zare daga tayar gaba da tsinke.